Harbin Ganin Wata a Furana

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ana saura 'yan kwanaki a sha ruwa, mahaifina ya faɗo daga kan rumbu ya goce a kafaɗar dama. Ba don haka ba, da ban taɓa kunamar bindigarsa a wannan shekara ba.

Baba manomi ne a Furana, amma bindigarsa ta toka aka fi saninsa da ita. Da ita yake korar birai daga masara, da ita yake samo mana zabin daji. Babban aikinta kuwa sau biyu ne a shekara. Idan labarin ganin wata ya iso daga Ikara, shi ke hawa dutsen bayan gari ya harba, don rugage da ƙauyukan hayin rafi su ji. In bai harba ba, mutanen can sai su wayi gari da azumi ranar Salla.

Tun ina ƙarami nake binta da ido. Muna dawowa daga makarantar allo, abokaina su tafi langa, ni in zauna gindin tsamiya ina goge mata baki da tsumma da man kaɗanya. Ni ke shanya albarushi a faifai, ina korar kaji. Na sassaƙa tawa ta karan dawa, ina auna ƙadangaru, bakina na yin ƙarar. Baba yakan yi dariya, amma bai taɓa bari na ɗura ta gaske ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Kada ka ba ta abinci sai ka tambaye ta ko ta ci." Tambayar ita ce a zura sandar ɗuri a cikinta. In sandar ta nutse duka, babu komai. In ta leƙo da faɗin yatsu uku, akwai ɗuri, wanda ya ƙara wani a kai kuwa ƙarfen zai fashe masa a hannu.

Ranar da manzo ya iso da labarin ganin wata a kan keke bayan magariba, Kawu Sale, ƙanen Baba, ya riga ya ɗaura ɗamara. Ya daɗe yana son bindigar nan. "Yaya, yaron nan naka da ko jaki kayar da shi yake? Ba ni kawai in je in dawo!" Baba ya ɗauko bindigar. Ya miƙo mini ita da hannun hagu, da ƙahon albarushi, ya ce, "Ɗura."

Mutane sun cika ƙofar gida, kowa na cewa in yi sauri. Har na cire murfin ƙahon. Sai na mayar, na zaro sanda na zura. Ta leƙo, yatsu uku cif. Ashe tun da hantsi Baba ya sa an ɗura ta, ya yi shiru yana jira ya ga abin da zan yi. Ya dubi Kawu ya ce, "To Sale, riƙe masa ƙahon."

A kan dutse na harba sama. Ta buge ni na zauna daɓas, kunnena na kuka, Kawu na dariya har da riƙe ciki. Can sai muka ji guɗar mata daga hayin rafi. Kafaɗata ta kwana biyu a kumbure, na yi yawon Salla ina nuna wa kowa.

Yanzu rediyo ke faɗin ganin wata, kuma ba na ƙorafi, ya fi mu sauri. Ni ma da furfurata nake koyon riƙe alƙalami a ajin manya, a hankali, yadda na koyi riƙe bindigar. Abu uku ne dai babu: dajin zabi ya koma gonar rake, tsatsa ta cinye bakin bindigar, Baba kuma Allah ya ji ƙansa. Sandar ɗurin tana nan jingine a ɗakina.