Akwatin Gawar Oom Maans

A yankinmu na Karoo, duk dattijon manomi yana da akwatin gawarsa a ɗakin saman rufi, don katako ba ya samuwa da gaggawa. Oom Maans Kotzé, maƙwabcinmu mai kiwon tumaki, shi ya sassaƙa nasa da hannunsa. A wurinmu Oom ake ce wa dattijo, kamar a ce baffa, dattijuwa kuma Tant. Mutum ne mai cika baki, ya ce shi da mutuwa sun saba. Matarsa Tant Breggie, wadda idonta ya kusa mutuwa gaba ɗaya, ko ƙafar tsanin ɗakin ba ta yarda ta taɓa.

Sai ga masu fim daga birnin Kaapstad. Wani gajeren labari na harshen Afirkans suke mayarwa fim, kuma akwai jana'iza a ciki. Suka ari akwatin. Daraktan ya ƙare wa Oom Maans kallo ya ce, "Oom, tunda daidai kai aka yi shi, ko za ka kwanta mana?"

"Kwanciya kawai? Ai ita na fi iyawa."

"Tsoho, kar ka shiga," in ji Tant Breggie. "Ka san ƙirjinka."

"Ke dai tsohuwa, je ki sa baƙar rigarki ki gwada kukan, mu ji ko kin iya."

Mu maƙwabta aka sa mu zama masu makoki. Da tsakar rana ya shiga aka rufe murfin, muka ɗauke shi zuwa maƙabartar gidansu a bayan garke. Na riƙe gefe ɗaya, ina kasa kunne, don ciwon asma ya sha kayar da Oom Maans a fili ma, balle a rufe. Daraktan kuwa bai san wannan ba. A sake, a sake, wai ba mu tafiya da baƙin ciki yadda ya kamata.

Ana cikin waƙar coci Tant Breggie ta lalubo akwatin ta ƙwanƙwasa.

"Maans."

Shiru.

"Maans, ka amsa mini, bana son wasa."

Shiru dai. Ban jira izinin kowa ba, na ture ɗan fim ɗin da ke wasan fasto, muka ɗaga murfin.

Idonsa a buɗe, yana numfashi, gumi ya jiƙa kwalar rigarsa. Muka zaunar da shi. Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

"Me ya hana ka magana, mugun tsoho?" in ji Tant Breggie.

Ya kama hannunta da hannu biyu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Na ji ki, Breggie. Sau biyu na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Haka za ki tsaya kina kira ranar da na tafi da gaske. Wa zai kama hannunki ya mai da ke gida?"