Ranar da Na Busa Wa Ɗan Yayana Usur

Har yau in na bi ta gefen filin ƙwallon kwandon nan na tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sai raina ya ɓaci. Filin siminti ne a bayan wata makaranta, a nan muka taso ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya zama kocin ƙungiyar unguwarmu, ni kuwa da gwiwa ta hana ni tsalle sai na je na koyi alƙalanci, na rataya usur a wuya.

Akwai wata doka a wasan nan da ko ɗan koyo ya sani. Da zarar kun tsallaka layin tsakiya da ƙwallo zuwa ɓangaren abokan karawarku, ba ku da ikon komawa da ita naku ɓangaren. Ko dunduniyarka ce ta taɓa layin alhali ƙwallon tana hannunka, ka yi koma-baya, sai a karɓe a miƙa wa ɗaya ƙungiyar. Matsalar ita ce filinmu ba shi da layin tsakiya. Ya goge tun muna samari, sai simintin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, mu kuma muka ce ai ga layi Allah ya kawo. Tsagar nan ba a tsakiya take ba, ta ɗan matsa wajen kwandon da ke ƙarƙashin darbejiya. Duk yaron da ya koyi ƙwallo a filin, ƙafarsa ta haddace tsagar, ba ya ma buƙatar duba ƙasa.

To sai aka shirya wasan ƙarshe tsakanin unguwarmu da 'yan Unguwa Uku, kuma wanda ya ci shi zai wakilci yankinmu a gasar jiha. Wa ya zo gidana ya ce a gyara fili? Yaya! Shi da bakinsa ya ce baƙi za su zo, abin kunya ne a ga muna wasa da tsagar siminti kamar 'yan ƙauye. Shi ya kawo farin fenti a bayan babur ɗinsa. Na auna fili, ya riƙe mini bakin igiya, ya ma taka ta da ƙafa don kada ta motsa, na ja layi fes a inda ya kamata. Da muka gama na ce masa, “Yaya, ka tara yaranka su saba da wannan, don ƙafarsu tsaga ta sani.” Ya yi dariya ya ce, “Kai dai ja fentinka, malamin doka.”

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Kafin a fara na kira koci biyun tsakiyar fili, Yaya da kocin Unguwa Uku, wani malamin makaranta mutumin Filato mai sanyin magana. Na nuna musu farin layi na ce yau da shi za a yi aiki, tsaga ta yi ritaya. Duka suka gyaɗa kai.

Gwarzon ƙungiyarmu babban ɗan Yaya ne, saurayi dogo, wanda ni na fara ɗora masa ƙwallo a hannu. Baffa yake ce mini. Wallahi ranar ya yi wasa, har ni da nake alƙali sai da na riƙa danne murmushi. Ana dab da tashi muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo tana hannunsa, ya tsallako daga ɓangaren darbejiya zuwa ɓangaren 'yan Unguwa Uku. Abin da ya rage kawai ya ɓata lokaci. Mutum biyu suka taso masa, sai ya fara ja da baya yana buga ƙwallon a ƙasa, hankalinsa kwance, irin yadda ya saba yi kullum har sai dunduniyarsa ta kusa tsaga. Ina kallo ƙafarsa ta hau farin layi, ta wuce shi, ɗaya ƙafar ta bi ta. Na busa.

'Yan Unguwa Uku suka karɓi ƙwallo, suka jefa, ta shiga, lokaci ya cika. Kafin in sauke usur daga baki Yaya ya iso gabana, jijiyar wuyansa a tashe.

“Ɗana za ka yi wa haka? A filin ubanka?”

Na ce, “Yaya, ya taka layi, kowa ya gani.”

“Wane layi? Tarko ka ɗana wa yaro! Tun yaushe muke wasa da tsagar nan?”

Tarko fa! Mutumin da ya riƙe mini igiya! Wallahi takaici ya ishe ni. Na ce masa a gaban jama'a, “Wa ya sayo fentin?” Sai ya juya ga mutane yana cewa su shaida, ƙaninsa ya sayar da unguwa. Malamin nan na Filato ya zo ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri in bar wurin, shi ya raka ni har bakin titi yana kare ni daga masu jifa da ledar ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Masu shayin bakin layinmu, waɗanda ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani, kowa ya zama gwanin doka. Wani ya ce ai ko a ƙwallon ƙafa ana mayar wa gola, me ya yi zafi. Wani ya ce in da shi ne da sai ya yi tari ya kau da kai. Wato in ga laifi da idona in yi tari! To yaran Unguwa Uku fa, su ba 'ya'yan mutane ba ne? Su ba su yi gumi ba? Da ɗansu ne ya taka na kau da kai, waɗannan bakunan ne za su fara cewa na yi adalci?

Yaya ya daina amsa gaisuwata. In na shiga gidan Inna, mahaifiyarmu, na same shi, sai ya ɗauki takalminsa. Matarsa ta daina aiko mana da tuwon Juma'a da ta saba. Bayan 'yan kwanaki na bi ta filin na tarar an kankare farin layin da guntun bulo, sai ɗan dishi-dishinsa.

Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, “Gaba yake da kai, je ka ba shi haƙuri.” Na ce to. Na je har gidansa na durƙusa a tsakar gida, ni da furfurata, na ce, “Yaya, ka yi haƙuri da ɗaga murya da na yi maka a gaban mutane.” Ya ce ba wannan yake son ji ba. So yake in faɗa a gaban ɗansa cewa kuskure na yi, yaro bai taka komai ba. Na ɗago na dube shi na ce, “Wannan kam ba zan faɗa ba, ko za a yanka ni.” Ya ce to in tashi in bar masa gida, na tashi. Yaron yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu, kansa a sunkuye.

Ni ba rashin tuwon Juma'a ne ya dame ni ba. Abin da ke ƙona mini rai, mutum ya san gaskiya sarai, ya san ya yi sakaci bai horar da yaransa a kan sabon layi ba, amma ya gwammace ya rasa ƙaninsa da ya ce a gaban ɗansa, laifina ne. Ya ɗora mini, ya kwana lafiya, unguwa ta taya shi.

Wata safiya ina kan hanyar zuwa Darmanawa na hango yaron shi kaɗai a fili. Na tsaya daga bayan katanga. Yana tsallakawa da ƙwallo, sai ya ja da baya, ya tsaya cak kafin inda aka kankare farin layin, ya sake, ya kuma sake. Da ya waigo ya gan ni sai ya rungume ƙwallon ya zo ya rusuna.

“Baffa, ina kwana.”

Na amsa. Sai ya ce, “Na taka, Baffa. Tun kafin ka busa na ji a jikina.”

Na ce, “To ka faɗa wa babanka mana.”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Ai na faɗa masa tun a ranar. Ya ce ya sani, kuma in na sake maimaita maganar ba ni ba ƙwallo.”

Ya waiga ya dubi titi, ya roƙe ni don Allah in wuce kada wani ya gan mu tare ya kai gida. Na wuce.