Farar Safar Baba

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur ya sa samarin Daudawa suka watsar da gonakin auduga suka nufi birni, ni aka bari da ƙafafun mahaifina. Ciwo ya kashe masa jinsu, ko garwashi ya taka sai dai ya ji ƙauri. A asibiti aka ce kada ya rabu da safa mai taushi, ta auduga, kuma fara, domin ko ɗigon jini ne a gani da wuri.

Ni ce mai saƙa ta. Siririn zare ne, wanda in ka yi atishawa sai ka neme shi, kuma sai kasuwar Yankara ake samu. Kullum da yamma in cire masa safar, in juya ta a haske, in wanke, in koma kan kwarashi. Wallahi na gaji. Sa'o'ina na ƙunshi, ni ina leƙen tafin ƙafar tsoho kamar mai duba.

Sai ga yayana daga Kaduna da tsarabar baƙar safa ta roba, mai sheƙi. Ya ce an wuce zamanin saƙar hannu. Na ce Baba ya bar ta a akwati, ya ce kyautar ɗa ba a ɓoye ta. Da ita ya je ɗaurin aure Faskari, ya yi kwanaki, ana ta yaba masa.

Da ya dawo, wari ne ya fara yi mini sallama. Ashe ƙaya ta huda takalminsa, ta karye a cikin ƙafar, baƙar safa ta shanye jinin ba wanda ya gani. Yatsu biyu aka yanke masa a hagu.

Ranar da aka sallamo shi ya miƙo mini ƙafar, bai dube ni ba. Ya ce, "Ɗiyata, ƙafar ga ba ta faɗa mani komi. Ke ce kike jin ciwon a madadina."

Na ɗauko zare.

Har yau in an ce mini wani abu ya zo da sauƙi, sai gabana ya faɗi. Don tun daga lokacin safar hagu ta rage cin zare, saƙarta ta riƙa ƙarewa kafin la'asar. Ni da nake kukan yawan aiki, ban taɓa tsanar hutu kamar wannan ba.