Motar Albasa a Kan Dogon Ƙarfe

Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha huɗu lokacin da ta kamu da son abin nan da Faransawa ke kira montagnes russes. Ni jirgin lilo nake ce masa: 'yan taragai ne a kan dogon ƙarfe, a ja su sama a hankali, sannan a sako su da mutane a ciki suna ihu. A Lyon aka haife ta, inda nake aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha. Hausa tana jinta sama-sama, amma da Faransanci take mayar da amsa. A shekarun nan hirata da ita ta taƙaice, ba ta wuce "kin ci abinci?" da "ina takardar lakwal?", wato ta makaranta. Ba faɗa muke ba. Ban san ta inda zan shiga ba ne kawai.

Akwai wani dandali a intanet inda masu irin wannan sha'awa ke taruwa, kuma ita ma tana ciki. Wata rana labari ya fito cewa wani filin wasa da ke bayan Paris zai rufe tsohon jirgin lilonsa a ƙarshen shekara, a sake masa kamanni. Dogon ƙarfen yana nan yadda yake, amma za a canza fenti, da ƙofar shiga, da labarin da ake ba mutane tun suna kan layi. Babu wanda ya nemi shawarar 'yan dandalin, amma suka duƙufa. Wani ya ce a mai da shi jirgin 'yan fashin teku. Wata ta zana ramin haƙar zinariya. Wani ya kawo dodo mai fitar da hayaƙi ta hanci. Ɗiyata ta yi mako biyu tana zane tana yagewa.

"Duk abin da na fara sai in ga wani ya riga ni," ta ce wa mamanta a kicin. Ni ina falo na jiyo.

A daidai lokacin ne Inna, mahaifiyata, ta zo Faransa karon farko, don a yi mata aikin yanar ido. Ta sauka wurin yayata a La Courneuve da ke gefen Paris, a wani bene hawa na tara. Da hutun lakwal na watan Oktoba ya zo, sai na ɗauki yarinyar muka shiga jirgin ƙasa zuwa Paris. Matata ta zauna da ƙananan a Lyon.

Mun tarar da Inna zaune a kan darduma kusa da abin ɗumama ɗaki, ido ɗaya a rufe da auduga. Muka yi doguwar gaisuwa. Ta tambayi gida, da aiki, da sanyi, da 'yan Damagaram, wato dangin matata. Jikarta ta durƙusa ta ce "Ina wuni, Kaka," daga nan kalmominta suka ƙare. Inna ta shafa fuskarta da hannu biyu ta ce ta yi tsawo kamar karan dawa. Yarinyar ta yi murmushi, ta koma gefe da wayarta.

Kwana biyu haka aka yi. A rana ta uku, bayan la'asar, Inna ta ji ihu yana fitowa daga wayar.

"Mi ya samu mutanen ga?" ta tambaya.

Na ce mata wasa ne. Ta ce a nuna mata. Yarinyar ta matso a ɗarare, ta riƙe wayar dab da idon da ke buɗe. Bidiyo ne da aka ɗauka daga kujerar gaba: hawa, ƙarar sarƙa, sannan faɗowa. Inna ta kalla har ƙarshe. Ta ce a sake. Da aka gama na biyu sai ta taɓe baki.

"Waɗanga ai da ɗamara suke. Ba su hau motar tsohonka ba."

Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara biyar. Na san direba ne, na san hotonsa guda ɗaya da ke cikin akwatin Inna, shi ke nan. Ba ta yin zancensa, mu ma ba mu saba tambaya ba.

"Qu'est-ce qu'elle a dit, Papa?" yarinyar ta ce, tana son in fassara.

Na fassara mata. Ta gyara zama, ta ce in tambayi Kaka wace irin mota.

Babbar mota ce, in ji Inna, mai bodin katako, tana ɗaukar albasa daga fadamar garinmu zuwa kasuwar Tawa. Ita a lokacin budurwa ce, tana raka gwaggonta sayar da albasa. Ana loda buhuna har su wuce bodi, a ɗaure da igiya, mata su hau can bisa su zauna. Tsakanin garinmu da Tawa akwai wani gangaren dutse mai lanƙwasa biyu. Duk lokacin da aka iso bakinsa, direban sai ya tsai da mota cak. Ya fito, ya zagaya ta, ya harbi kowace taya da ƙafa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi na bisa ya ce, "Ku riƙe igiya." Ya koma ciki, a yi shiru, sai motar ta sunkuya.

"Hanjinka ya taho maka wuya," in ji Inna. "Albasa na tsalle, mata na salati, kallabin wata ya tashi ya bar ta. In an sauka lahiya kuma kowa ya hau dariya."

"Kaka, tsoro?" yarinyar ta tambaya da Hausa, ita da kanta.

"Tsoro mana, ƙawata. Amma ni ina leƙen madubin gefe. Shi ma ashe yana leƙe."

Yayata, wadda ke yanka kuɓewa a bakin ƙofar kicin, ta saki wuƙar ta ce, "Inna! Yau shekara nawa ba ki taɓa gaya mana wannan ba?" Inna ta ce ai ba wanda ya taɓa nuna mata mota mai gangarowa.

Washegari teburin cin abincin yayata ya koma na zane. Yarinyar ta shimfiɗa takardu da alƙaluma masu launi. Dabararta ita ce kowane tarago ya zama motar albasa, kujerun su yi kama da buhuna, sandar da ake riƙewa a naɗe ta kamar igiya. Wurin layi kuma ya zama tasha. Ni aka naɗa tafinta, na zauna tsakaninsu. Aikin bai zo da sauƙi ba, don Inna ba ta yarda da kuskure. Yarinyar ta yi wa motar shuɗin fenti, Inna ta ce kore ce, da jan layi a gefe. Ta zana raƙumi a bakin tasha, Inna ta ce a cire shi, jakuna ne ke kawo albasa daga fadama. Ta sa rairayi da dabino a bayan dogon, Inna ta ce ƙasarmu dutse ce ja, ba hamada ba, a sa bagaruwa guda biyu ya isa.

"Mais Papa, mutane suna son raƙumi," yarinyar ta ce.

Na faɗa wa Inna. Ta ce to su je inda raƙumi yake. Aka cire raƙumi.

Sun ɗan yi gardama a kan wari. Yarinyar ta karanta cewa wasu filayen wasa na fesa ƙamshi a wurin layi, sai ta ce a fesa warin albasa. Yayata ta ce wallahi ba Bafaranshen da zai tsaya. Inna ta ce ba ɗanyar albasa kaɗai ake ji a tasha ba, akwai ƙosai, akwai hayaƙin gasasshen nama. Aka rubuta ƙosai.

Ran Asabar muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Château Rouge don yayata ta yi cefane. An riga an cire wa Inna audugar, tana sanye da baƙin gilashi. A wani shago ta ɗauki albasa fara, ta juya ta, ta mayar. Ta yi ta dubawa har ta samu wata ja mai ɗaukar shuɗi a ƙasan kwali. Ta miƙa wa jikarta ta ce wannan ta yi kusa, irin launin da za a yi wa buhunan ke nan. Yarinyar ta riƙe albasar nan a aljihun rigar sanyinta har gida.

Abu na ƙarshe shi ne tsayawar nan ta bakin gangare. Tsohon jirgin, in ya kai ƙololuwa, yana ɗan dakatawa kafin ya faɗo. Yarinyar ta ce a nan ne ya kamata a ji muryar direba. Ta nemi in faɗi kalmomin ta ɗauka a waya. Na gwada sau biyu. Inna ta girgiza kai ta ce ba haka yake faɗa ba, ni ina yi kamar mai ba da umarni, shi kuwa a hankali yake faɗa, kamar mai roƙo. Ta karɓi wayar, ta sassauta murya, ta ce, "Ku riƙe igiya." Na tashi na fita baranda. Daga hawa na tara ana hango manyan hanyoyi da motoci, na tsaya ina kallonsu har idona ya bushe. Ban taɓa sanin yadda mahaifina ke magana ba sai ranar.

Yarinyar ta ɗora zanenta a dandalin da bayani mai tsawo. Mutane kaɗan ne suka amsa. Wani ya ce zanen ya yi kyau amma albasa ba ta jan jama'a. Wata ta ce kakanta ma direban babbar mota ne a ƙasarsu, ta gode. Wani kuma ya tambaya ko ba za a ƙara raƙumi ba. Na karanta wa Inna wannan, ta yi dariya har da tari.

Ana saura kwana biyu mu koma Lyon, yarinyar ta ce tana son ta hau tsohon jirgin kafin a rufe shi. Inna ta ce da ita za a je. Likita ya hana ta duk abin da zai girgiza ta, don haka muka samo mata benci a inda ake ganin gangaren farko. Yayata ta naɗe ta da bargo ta zauna kusa da ita. Ni niyyata in zauna tare da su.

"Baba, ka zo," yarinyar ta ce. Ba ta saba ce mini Baba ba.

Na ce mata ni da hawan tsani ma ba ma shiri. Inna ta ɗaga gilashinta ta dube ni da sabon idonta. Na miƙe.

Mun fi rabin awa a layi, kuma a wannan rabin awar ɗiyata ta yi mini magana fiye da yadda ta yi a watanni. Ta nuna mini inda mai ƙosai za ta zauna, da bangon da za a jingina buhuna. Ta bayyana mini yadda sarƙa ke jan taragai, da dalilin da ya sa kujerar baya ta fi fizga. Ta san abubuwa da yawa. Na ji kunyar yadda na daɗe ina ɗaukar abin nan ɓata lokaci.

Hawan ba zan iya ba da labarinsa da kyau ba, don yawancinsa idona a rufe yake. Na tuna ƙarar sarƙa, da sanyi a kunnena, da hannunta a kan nawa lokacin da muka dakata a sama. Na tuna na yi salati da ƙarfi, ita kuma tana dariya. Muka sauko muka koma wurin bencin. Inna ta ce ta gane ni tun daga nesa, ni kaɗai ne na sunkuyar da kai. Ta ce shekara uku ke nan ba ta ga abu mai nisa haka ba.

Inna ta koma gida kafin sanyi ya yi tsanani. Da bazara filin wasan ya buɗe jirgin da sabon fenti, sun mai da shi wani abu na taurari da sararin sama. Yarinyar ta kalli hotunan ta ce ba laifi, amma wurin layin ba shi da rai. Daga baya sha'awar ta ragu, ta koma zanen gine-gine, abin da take karanta yanzu ke nan.

Abin da bai ragu ba shi ne saƙon murya. Duk Juma'a tana aika wa kakarta, ta wayar ƙanena da ke gida. Da farko gaisuwa ce kawai, sai ta fara tambaya. Ita ce ta gaya mini cewa mahaifina ba ya cin albasa ko kaɗan, ko a miya sai an tsame masa. Ita ce kuma ta gaya mini cewa ranar da aka haife ni yana hanya, da labari ya iske shi sai ya juyo da motar da lodinta gaba ɗaya, bai kai kasuwa ba. Na kira Inna na tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce gaskiya ne, kuma in ina son sauran in riƙa kiranta da rana, lokacin da ba ta jin barci. Yanzu ran Lahadi bayan azahar nake kira.