Katunan da na yanka a falon Yaya

Ina cikin bas a kan titin Stockport, na taso daga asibitin da nake aikin jinya zan koma ɗakina a unguwar Levenshulme, na biya kuɗi na ƙarshe a kan katunan bashina uku na banki. Shekara huɗu na yi ina biya.

Bashin na jinyar Baba ne. Lokacin da aka fara yi masa wankin ƙoda a Kano, mu biyu ne 'ya'yansa a Ingila, ni da yayana injiniya, wanda ke zaune a Small Heath ta Birmingham da matarsa da 'ya'ya uku. Sau biyu ya aika kuɗi ya daina, wai haya ta sha masa kai. Ni kuwa na dinga zarar kuɗi da kati ina turawa, har Allah Ya karɓi abinSa. A zaman makokin da aka yi a falon Yaya, a gaban matan unguwa, ya dube ni ya ce, "Da kuɗin ruwa kika yi jinyarsa. Ki nemi gafara, kada ki ja masa nauyi a kabari." Na ci gaba da zuba wa baƙi shayi.

Da na gama biya sai na rasa yadda zan yi da katunan. Zuciyata na so in rufe su in huta. Wata abokiyar aikina ta ce kul, tunda ina neman rancen sayen gida. Banki na son ganin tsohon kati da aka biya tsaf, idan na rufe sai in koma kamar baƙuwa a wurinsu. Na saka su a ambulan na jefa a jaka, na yi makonni ina yawo da su ban yanke shawara ba.

Ana haka Yaya ya kira, ya ce in zo in yi musu ƙarshen mako. Rabon da ya gayyace ni har na manta. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Bayan azahar aka kora yara sama, ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa.

"Na ji kin gama da bankuna," in ji shi. "Allah Ya yi albarka."

Na ce amin.

"Bizar Antinki da ta yara za ta ƙare ƙarshen wata. Kin san na yi watanni ba aiki kafin in samu wannan. Na nemi rance an hana ni. Ki ara mini katinki in biya, wallahi duk wata zan riƙa mayar miki."

Anti tana tsaye a ƙofar kicin, ta kasa haɗa ido da ni. Na ce ta miƙo mini almakashinta na ɗinki. Ta kawo, a zatonta zare zan cire a mayafina. Na fito da ambulan, na jera katunan a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yankawa. Na ukun ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu.

"Kuɗin ruwa ne, Yaya," na ce. "Ba zan ja maka nauyi ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya tsince gutsattsarin da suka faɗi a kan kafet don kada ƙaraminsu ya sa a baki. Na ƙarasa cin tuwona, na kama jirgin ƙasa na yamma zuwa garin da nake.

Yanka kati ba ya rufe asusu, kuma na san haka tun kafin in karɓi almakashin. Jirgi bai bar Birmingham ba na shiga waya na shaida wa bankunan cewa katunana sun lalace. Kafin mako ya zagayo sababbi sun iso ta gidan waya.

Yaya bai haɗa kuɗin ba. Anti ta koma Kano da yaran, suka yi kusan shekara a gidan iyayenta, babbar ta rasa ajinta. Shi kuma ya saki gidan ya kama ɗaki guda a saman wani shagon nama.

A cikin wannan shekarar banki ya ba ni rancen, na sayi ɗan gida a unguwar Old Trafford. Ranar tarewa Yaya ya hayo motar kaya tun daga Birmingham ba tare da na roƙe shi ba. Shi ya hau da katifata bene, shi ya ɗaura gadon. Ya rame sosai, wandonsa sai da ya ƙara wa bel ɗin huda.

Da za mu mayar da motar muka tsaya shan mai. Ya shiga laluben aljihu, na ce ya bari. Akwai takardun kuɗi a jakata, amma sabon katin na zaro, na ɗora a kan na'urar biyan kuɗi yana tsaye a gefena. Ya dubi katin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tambaye ni ko akwai masallaci a kusa, la'asar tana neman wuce shi.