Ranar da Ɗan Azumi Gardi Ya Kare Ɗan Sandan Fim

Ɗan Azumi shekara ashirin da biyu ya yi cikin kakin gardi, wato dogarin gwamnati, yana tsaron ƙofar buron kumandan, ofishin mai mulkin yankinmu, yana zuwa duk inda aka aike shi. Da ya ajiye aiki sai ya dawo garinsu Cadawa, ya gina ɗaki biyu bayan tasha, yana noma gero da wake a gonar da ubansa ya bari. Matarsa Kadi tana tuyar ƙuli-ƙuli. Shi dogo ne, mai dogon wuya, kuma har ya tsufa bai iya zama a jingine ba. Ko a tabarma yake, sai ka ga bayansa a miƙe kamar yana jiran a kira shi.

Ni gyaran keke nake yi a lokacin. Rumfata tana bakin kasuwa, cikin filin Alhaji Mahamane, wanda ya taɓa yin akawu a buron kumandan kafin ya shiga fataucin wake. A shekarar casa'in da biyu, bayan an gama babban taron ƙasa, jam'iyyu suka cika gari, aka naɗa Alhaji shugaban ɗaya daga cikinsu a yankinmu.

A shekarar ce wani ya kawo bidiyo daga Maraɗi, da ɗan injin wuta. Kowace ranar kasuwa bayan azahar yana toshe tagogin wani shago da buhunan algarara ya sa kaset. In an tashi, zuwa la'asar, sai a taru a rumfata a ɗora shayi, a sake kallon fim ɗin da baki. Mushe Habibullahi, malamin lakol, wato makarantar boko inda ake ce wa kowane malami Mushe, shi ne sarkin fashin baƙi. Ko fim ɗin faɗan 'yan Sin aka yi, sai ya ce ai maigidan da ake duka mulkin jam'iyya ɗaya ne. Ɗan Azumi kuwa ba ruwansa da wannan. Abin da ke damunsa yadda sojan fim ke riƙe bindiga.

"Wannan a wurinmu da kwana takwas zai yi a kurkuku," in ji shi, mu yi ta dariya.

Muna son shi. Shi ke sayen sukari in babu, shi ke raba gardama in ta yi zafi.

Sai ranar da aka sa wani fim na Indiya. Wani mai ƙasa ne ya ba ɗan sanda umarni ya je ya fasa rumbunan talakawa ya kwashe hatsi. Ɗan sandan ya je ya yi, har ya mari wani tsoho. A ƙarshe ɗan da tsohon ya haifa ya girma, ya tare ɗan sandan a kan gada ya kashe shi, mai ƙasar kuma aka miƙa shi ga alƙali, yana tafe da rigarsa fes. Shagon ya ɗau tafi da ihu.

A rumfa Mushe ya fara. Ya ce wannan shi ne tarihinmu gaba ɗaya: masu kaki sun taka talaka shekara goma sha bakwai, yanzu talaka ya kai su gada. Faruku, wani matashi mai sayar da man fetur a kwalba, wanda ke jan matasan jam'iyyar Alhaji, ya ce shi da zai samu dama, duk wanda ya taɓa sa kaki sai ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani.

Ɗan Azumi ya ajiye kofin shayinsa.

"Fim ɗin nan ƙarya ya yi," ya ce.

"Ina ƙaryar, Baba?" in ji Mushe.

"Wanda aka aika an kashe shi kamar kare. Wanda ya aika shi ko ƙura ba ta taɓa rigarsa ba, kuma kuna tafi. Kun ga hannun ɗan sandan nan yana rawa kafin ya yi marin? Ni na gani. In ya ƙi, 'ya'yansa za su kwana a titi."

"Ai da sai ya ƙi," Mushe ya ce. "Mutum ba jaki ba ne. Umarni ba ya wanke hannu."

"Ban ce ya wanke ba, Mushe. Na ce a raba laifin daidai."

Faruku ya miƙe tsaye. Muryarsa ta canza.

"Kai ma hannunka ya yi rawa ranar da ka ɗaure babana?"

Manyanmu duk sun san maganar, amma ba a taɓa yin ta gaban Ɗan Azumi ba. A shekarar yunwa, tamanin da huɗu, an zargi wasu manoma da ɓoye hatsi don su tsallaka da shi iyaka. Malam Mamman, uban Faruku, yana cikinsu. Aka fasa rumbunsa aka kwashe damin da ya rage wa iyalinsa, aka ɗaure shi a jikin itacen bedi tsakiyar kasuwa tun hantsi har la'asar. Igiyar ta kashe masa hannun hagu, har yau yatsun ba sa dunƙulewa. Faruku yana da shekara goma sha uku, yana tsaye yana kallo. Ƙanwarsa ta rasu kafin damina.

"Ni na ɗaure shi," Ɗan Azumi ya ce. "Ba na musu. Na ja igiyar fiye da yadda ya kamata, saboda ana kallona daga mota. Amma ni ban san gidanku ba, Faruku. Takarda aka ba mu mai suna tara. Ka san wanda ya rubuta ta?"

Ya nuna rigar Faruku da yatsa.

"Akawun buro ne. Shi ya san rumbun kowa, shi ya ce babanka yana da hatsi. Alhaji Mahamane, wanda hotonsa ke rigarka."

Faruku ya yi kansa, aka rirriƙe shi. Yana ihu yana cewa tsohon karen soja yana so ya ɓata wa mutanen kirki suna don zaɓe ya matso. Mushe ya ce wannan magana ce mai nauyi, ana bukatar hujja. Ɗan Azumi ya juyo ya dube ni.

"Kai kana nan ranar. Kekenka Alhaji yake hawa yana zaga ƙauyuka kafin a fito da takardar. Faɗa musu."

Gaskiya ya faɗa. Ni na ba Alhaji aron keken, ni na liƙe masa faci sau biyu a makon. Amma rumfata a filinsa take, kuma ina da 'ya'ya biyar. Na sunkuyar da kai ina juya wata taya da ba ta bukatar komai, na ce abin ya daɗe, ba na tunawa.

Ɗan Azumi ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki hularsa ya tafi.

Kafin kwana uku labari ya cika gari cewa abokan hamayya sun saye shi. Abokan hamayyar kuma ba su so a gan su da tsohon gardi, sai suka ce ba su san shi ba. Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulin Kadi. Wata safiya aka tarar an rubuta "azzalumi" da gawayi a bangon gidansa. Da ya je shagon bidiyo ranar kasuwa, mai shagon ya tare shi a ƙofa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na son rigima."

Kadi ce ta ba ni labarin zuwansa gidan Malam Mamman. Ya je da hantsi, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Malam, na zo neman gafara. Na daɗe ina so in zo, kunya ta hana ni."

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Tashi, Ɗan Azumi. Na yafe maka tun ina jikin itacen. Wanda ya rubuta sunana ma na san shi, tun ranar na sani."

"To, ku faɗa wa Faruku."

"Ba zan faɗa ba. Alhaji ya yi masa alkawarin aiki in sun ci. Hannuna ba zai dawo ba, yarinyar ma ba za ta dawo ba. Bari yaro ya samu abin ci."

Kadi ta ce da ya dawo gida bai ci tuwo ba, kuma wannan amsar ta fi rubutun bango yi masa ciwo.

Ranar zaɓe, farkon casa'in da uku, na gan shi a layi da katinsa a hannu, da sarari a gabansa da bayansa. Mutanen Alhaji suka ci a garinmu. Faruku ya samu aikin tsaron ma'ajiyar taki. Mushe Habibullahi ya ci gaba da fashin baƙin fina-finai a rumfata, sai dai gardamar ta mutu, don kowa ya koyi yarda da wanda ya fi shi ƙarfin murya.

Bayan girbi Ɗan Azumi ya bar wa ɗan'uwansa gonar, suka koma Gazawa shi da Kadi. Ya kama gadin wani sito na 'yan kasuwa kusa da tashar motocin iyaka. Sau biyu na je Gazawa sayen kayan keke, sau biyu ina hango shi zaune bakin siton, na bi ta wata hanya.

Shekara uku ya yi a can, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu. Aka kawo shi Cadawa a bayan wata a-kori-kura. Mu goma sha ɗaya muka yi masa salla. Malam Mamman ya zo dogare da sanda, ya zuba ƙasa da hannunsa mai lafiya.

Ranar sadakar uku Alhaji Mahamane ya iso a mota da buhun shinkafa. Ya ce marigayi abokin aikinsa ne, mutum mai biyayya, irin waɗanda ƙasa ke bukata. Jama'a suka ce amin. Kadi ta aiko daga cikin gida cewa a mayar da buhun, amma dangin mijinta suka ce ba a yi wa babban mutum haka. Aka dafa shinkafar aka raba. Ni ma an miƙo mini kwano, na ci.