Kaset Ɗin Goggo Lanti, Daga Daura Zuwa Babban Mutum

Talata, Daura

Na fito daga gida ƙarfe biyar saura kwata na asuba da jakata a rataye, na biya masallacin unguwarmu ta bayan rijiyar Kusugu na kira salla. Shekara biyu ke nan ina wannan aiki, tun da tsohon ladaninmu ya kwanta ciwon ƙafa. Ni tela ne, karatuna bai wuce allo da firamare ba, kuma in aka cire kiran sallar nan ban san abin da za a tuna ni da shi a unguwa ba. Kowa ya san dalilin da ya sa aka ba ni. Farkon zuwan Shari'a, Malam Ayuba na'ibin limaminmu ya yi wa'azi a kan waƙoƙin fim, ni kuma na kwaso kaset-kaset ɗina na ƙona su a ƙofar masallaci. Ƙonawa na yi, amma Allah ya sani son bai ƙone ba. Har yau in mai rediyo ya wuce ta gaban shagona, sai in ga ƙafata ta canza taku a kan keken ɗinki.

A cikin jakar nan kuwa kaset ne na waƙar fim. Goggo Lanti, ƙanwar mahaifina da ta goya ni, tana garin Babban Mutum, idanunta sun rufe, rediyo ce abokiyar zamanta. Ta ji wata waƙa a gidan suna ta kwana a ranta, ba ta san sunanta ba. Sai ta aiko ɗanta Isuhu, taubashina, ya rera mini ita da hanci a shago, wai ta ce ni Hamisu ni na san kan waƙa, ni zan nemo in kai mata da hannuna. Kwana uku ina juya abin: in ƙi, na saɓa wa uwa, in yi, na saɓa wa kaina. Na je wurin Bala mai kaset ta ƙofar baya na rera masa. Da ya ga yadda nake waige-waige, ya ce zai yi mini irin wanda yake yi wa direbobi. Ya ɗauko tsohon kaset na wa'azi, ya bar minti biyar na farkonsa, ya ɗora waƙa a kan sauran, ya mayar da shi cikin kwalinsa na wa'azi. A lokacin har godiya na yi masa.

Ban shiga masallaci da jakar ba. Na ajiye ta a gindin darbejiya, na yi salla rabin hankalina yana waje.

Tasha

Na isa tasha shida da minti ashirin, na sha koko da ƙosai a tsaye, na sami bas mai zuwa Baure ta Sandamu, naira ɗari biyu. Na zaɓi kujerar bayan direba, na rungume jaka. Saura mutum ɗaya mu cika sai na ji sallama a taga. Malam Ayuba ne, da buta da darduma, za shi Baure ta'aziyya.

“A'a, Malam Hamisu! Da ka faɗa mini a masallaci ai da mun taho tare.”

“Allah ya gafarta Malam, ban san da tafiyarku ba.”

“To matsa mini. Allah ya haɗa ni da abokin hira.”

Mun tashi bakwai da minti goma. Ko ƙofar gari ba mu fita ba direba, wani siririn mutum da ake kira Ɗanjuma, ya danna kaset. Waƙar fim ce, irin wadda mace ke ɗauka namiji ya amsa, kuma na san ta tun daga kiɗan farko. Na danne gwiwata da hannu biyu. Malam ya yi gyaran murya ya ce a rage. Ɗanjuma ya ce, “Malam, in na kashe ta barci zai ɗauke ni, ga rayukan mutum goma sha huɗu a hannuna.” Wata dattijuwa mai daddawa daga kujerar mata ta ce, “A bar mana abinmu, ai ba a masallaci muke ba.” Ya rage kamar bai rage ba. Ni ina ta istigfari a fili, baitin da ke tafe yana riga mawaƙiyar zuwa cikin kaina.

Sandamu

Bakwai da rabi muka tsaya Sandamu, aka ɗora buhunan gero biyar a kan mota, aka ɓata kusan minti ashirin ana gardamar igiya. Daga shagon mai shayi waƙa, daga wurin mai faci wata waƙar, mai wankin takalma ma da tasa. Na ce wai garin nan babu wanda zai iya aiki sai da kiɗa? Nan na yi kuskuren da har yanzu nake cizon yatsa a kansa. Na ga bai kamata in zauna kusa da malami ban miƙa masa komai ba, na buɗe jaka in ciro goro. Kwalin kaset ɗin ya leƙo.

“Me nake gani? Ashe kana tafe da alheri ka bar mu muna shan wannan hayaniya?”

“Na Goggo ne, Malam, saƙo ne. Ban ce zan saka a hanya ba.”

“Lada ya ƙaru ke nan. Ɗanjuma, cire naka ka sa mana wannan.”

Kafin in sami wata magana kaset yana hannun direba.

Tsakanin Sandamu da Baure

Mai wa'azi ya fara, muryarsa a natse. Malam ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ni idona a kan agogon hannuna. Na roƙi Allah na'urar ta cinye zaren. Na roƙa taya ta yi faci, sai na tuna Musulmi ne a motar har da mai goyo, na janye addu'ar na nemi gafara. A minti na uku muka iso shingen duba motoci. Ma'aikacin ya leƙo, ya ji wa'azi, ya ɗaga mana hannu ya ce a sa shi a addu'a. Wannan ma ya tsaya mini a rai, domin da kaset ɗina aka sami addu'ar tasa.

Ba mu yi nisa ba, mai wa'azi yana tsakiyar jan hankali a kan ranar hisabi, sai ƙit! Fiyano ya ɓarke, ganga ta biyo, wata yarinya ta ɗauki waƙa da iyakar muryarta. Mai daddawa ta fashe da dariya har da tafi.

“Kashe!” in ji Malam. “Miƙo shi nan. Innalillahi. Malam Hamisu, an cuce ka. Wane mara tsoron Allah ne ya sayar maka da wannan?”

Ɗanjuma ne ya amsa. “Ai wannan hannun Bala ne na bakin kasuwa. Shi kaɗai ke barin minti biyar cif.”

Malam ya sa kaset a aljihun gaba ya ce, “To ya gama. Ina komawa zan kai shi gaban kwamitin unguwa da wannan shaida. Wanda zai yaudari ladani, wa zai bari? Ko dai ya rufe shagon nan ko ya bar mana unguwa.”

'Yan'uwa, ku auna da kanku. Malam da bakinsa ya wanke ni. Shiru kawai zan yi, in koma gida da mutuncina da kiran sallata. Amma Bala yana da iyali, kuma abin da na je na nema shi ya ba ni. Na yi ta tambayar kaina ko shiru ƙarya ne. Na san amsar, ina dai neman wata ne. Mun wuce ƙauye biyu ina gumi. Da na ga rumfunan Baure daga nesa, na ce a raina in Malam ya sauka da kaset ɗin nan a aljihu, ba zan ƙara iya ɗaga murya a masallaci ba ko an bar mini.

“Allah ya gafarta Malam, Bala bai cuce ni ba. Ni na sa shi.”

“Ka sa shi me?”

“Waƙar Goggo ce ta aiko a nemo mata. Ni na rera masa ya gano ta. Kwalin wa'azin kuma don kada a gan ni da ita ne.”

Ɗanjuma ya dube ni ta madubi ya ce, “Kai Malam Ladan! Ashe namu ne! Da ka yi magana ai da na ƙaro maka murya tun daga Daura.” Mai daddawa ta ce, “Rera mana mu ji, ɗan nan.” Malam ya kau da kai wajen taga.

Baure

Tara da minti arba'in muka shiga tashar Baure. Malam ya sauka, ya ɗauki butarsa, ya kira ni gefe ya miƙo mini kaset.

“Kai wa tsohuwa saƙonta. Waƙar, tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma na ji uzurin goggonka. Amma Hamisu, don gudun idon mutane ka sa aka shafe ayoyi aka ɗora ganga a kansu? Da a farin kaset ka ɗauko ka riƙe a hannu, da abin bai kai haka ba. In mun koma ma yi magana.”

Wallahi duk lissafin da na yi na kwana uku, wannan bai zo mini ba. Ni da nake sake alwala in na yi kokwanton shafar kunne.

Daga Baure a-kori-kura na samu, mu tara da awaki uku a baya. Na ce to, a nan dai babu na'ura, kunnena zai huta. Muna tashi wani magidanci ya zaro ƙaramar rediyo daga aljihu ya ɗora a cinya.

Babban Mutum

Sha ɗaya da rabi na sauka. Goggo tana tsakar gida a kan tabarma, ta gane takuna kafin in yi sallama. Ta shafa kaina, ta ce na rame, ta sa aka dama mini fura da nono mai kyau. Ba ta bari na gama sha ba ta ce, “Ina abina?” Batiran rediyon sun yi sanyi, Isuhu ya jera su a kan kwano a rana, sai bayan la'asar suka yi ƙarfin juya kaset. Na ba shi labarin mota ina neman mai tausaya mini, ya yi dariya har ya kwanta, ya ce, “Ladan mai fiyano! Gobe sai ka kira asuba da amshi.”

Aka danna. Mai wa'azi ya fara. Goggo ta ce, “Wa'azi na aike ka? Ina da shi safe da yamma a rediyo.” Na ce ta yi haƙuri minti biyar. Waƙa ta shigo. Ta karkata kai, ta saurari baiti ɗaya, ta saurari na biyu.

“Ba ita ba ce.”

“Goggo, ki ƙara ji dai.”

“Na ce ba ita ba ce. Tawa a hankali take tafiya, wannan kamar ana korar kaji.”

Na dubi Isuhu. Ya ce shi yadda ya ji ya rera, in akwai laifi na hancinsa ne. Goggo ta ce, “Wannan tun yana yaro ko kukansa ba ya tafiya daidai,” sai ta rera da kanta. Layi ɗaya ta yi na gane ta. Tana cikin waɗanda na ƙona.

Na ce to ta ba ni wannan in tafi da shi, tunda ba shi take so ba. Ta rungume rediyon ta ce abin da ya shigo gidanta ya shigo. Kafin magariba sau shida ta saka waƙar da ta ce ba ita ba ce. Ban san ko in tashi ba, kada ta ce na guje ta, ko in zauna in ƙara wa kaina nauyi. Sai na zauna a bakin ƙofar zaure, ba ciki ba waje. Na ci tuwon gero da miyar kuka, na kwana a ɗakin Isuhu.

Laraba, komawa

Na bar Babban Mutum bakwai na safe. Goggo ta ba ni kuka da gyaɗa, ta sa mini albarka, ta ce in na samo ta gaskiyar in ba Isuhu. Mota ba ta cika a Baure ba sai sha ɗaya saura. Ɗaya da minti ashirin na sauka a Daura. Labari ya riga ni, domin mai shayin tasha da bai taɓa yi mini magana ba ya tambaye ni ko Goggo ta ji daɗin wa'azi. Ina shiga unguwa na ji an ɗaga kiran azahar. Ba kowa ba ne, Audu mai faci ne na unguwarmu.

Bayan salla Malam ya tsayar da ni a zauren masallaci, mu biyu kawai.

“Bala na ƙyale shi saboda maganarka, amma ka gaya masa ya daina taɓa kaset ɗin wa'azi. Gaskiyar da ka faɗa kuma na ji ta, ba kowa zai faɗa ba. Sai dai kiran salla ka huta tukuna, har bayan Babbar Salla mu gani. Ba na son jama'a su ji an ambaci Allah suna murmushi.”

Na ce na gode, domin ban ga inda ya zalunce ni ba.

Na isa gida biyu da kwata, na tarar da iyali lafiya. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ba ko ƙwarzane, ina gode wa Goggo da furarta da albarkarta, da direbobin da suka ɗauke ni duk da surutunsu. Isuhu kuwa sai na yi tunani tukuna. Na rubuta wannan ne don masu cewa wai rawa aka kama ni ina yi a mota su san iyakar abin da ya faru. Yau da asuba na farka a lokacin da na saba, na yi alwala, har na sa hula. Sannan na zauna a bakin gado ina jin Audu yana ja inda ba a ja, yana yankewa inda ba a yankewa, har ya gama.